Sunan Aro a Filin Gazara

A garinmu Gazara yaro ba ya buga ƙwallo da sunan da aka raɗa masa. Da zarar ya iya tare bal da ƙirji, ko ya yanke mutum biyu ya wuce, sai 'yan kallo su duba cikin 'yan wasan Turai su zaɓo masa suna, kuma shi ke nan ya zauna. Ba a tambayarsa ko yana so. Akwai wanda yanzu 'ya'yansa suna sakandare, yana sayar da taki a kasuwar Makarfi, amma in ka je nemansa da sunan yanka sai a ce maka ba a san shi ba. Ni tun ina yaro abin nan yake ba ni haushi. An yanka rago, malamai sun taru sun yi addu'a, sannan wasu 'yan zaman kashe wando su soke duka da ihu ɗaya a bakin fili.

Ƙanena, autanmu, shi ma haka aka yi masa. Da ƙafar hagu yake bugawa, ga gudu, sai aka liƙa masa sunan wani Bature mai buga gefen hagu. Ba zan rubuta sunan a nan ba, wahalar da ya jawo ta isa haka.

A gida kuwa sunan ya zo mana a daidai. Sunan yankan ƙanena na kakanmu ne, mahaifin Baba, kuma Inna tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan surukinta ba. Da farko ana kiransa da irin laƙabin da ake ba masu sunan kaka, to amma a layinmu kusan kowane gida akwai mai wannan laƙabin. In ta ɗaga murya sau ɗaya sai yaran maƙwabta su yi ta amsawa ta kan katanga. Da sunan ƙwallo ya zo, sai Inna ta cafke shi hannu biyu. Ta lanƙwasa shi a bakinta yadda ko uwar Baturen ba za ta gane shi ba, da shi take kiransa tuwo, da shi take yi masa faɗa. Shi ma ya sa aka rubuta masa a bayan babur ɗin da yake acaɓa da shi, da kuma bayan jesinsa, rigar da yake buga ƙwallo da ita.

Lokacin saran rake ne labarin ya iso. Na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na tsaya a majalisar da ke gindin dalbejiya kusa da gidan kallon ƙwallo, na tarar waya tana zagayawa hannu zuwa hannu. Baturen nan ne zaune a gaban kyamara, yana faɗa wa duniya cewa shi maza yake so, ba mata ba. Da wayar ta zo hannuna na saurara har ƙarshe. Ya ce ya yi shekaru yana ɓoyewa, yana tsoron abokan wasansa a ɗakin canza kaya, yana tsoron bakin 'yan kallo, yanzu ya gaji.

Majalisa ta ɗauki a'uzubillahi da tsaki. Wani ya tofar da yawu. Wani mai facin taya ya ce shi tun da can ya lura da yadda mutumin yake gudu, bai dai faɗa ba ne. Wannan bawan Allah a makon da ya wuce har rantsuwa yake yi cewa babu ƙafar hagu irin ta Baturen a duk duniya. Ana cikin haka wani ya kwashe da dariya ya ce, "To, namu na nan gida fa?" Aka bushe da dariya, har da buga cinya.

Abin da addini ya ce a kan wannan al'amari kowa a majalisar ya sani, ni ma na sani, kuma ba shi na zauna rubutawa ba. Abin da har yau na kasa ganewa shi ne yadda mutum zai yi magana a kan kansa a can Turai, maganar ta tsallako teku da hamada ta faɗo a kan ƙanena, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Kano ce, ita ma rake ya raka.

Kafin mako ya zagayo, yara sun fara bin babur ɗinsa suna kiran sunan da siririyar murya. Kyaftin ɗin ƙungiyarsu amininsa ne tun suna makarantar allo, kullum za ka gan su riƙe da hannun juna suna tafiya masallaci, kamar yadda abokai suke yi a ko'ina a ƙasar nan. Ina tsaye a ƙofar gida na ga ƙanena ya miƙa hannu kamar kullum, kyaftin ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Washegari na tarar da ƙanena yana kankare bayan babur da wuƙa. Ya ɓamɓare harufan jesin ma, sai dai rana ta riga ta cinye kalar rigar ban da inda harufan suka rufe, don haka sunan yana nan raɗau, ana karanta shi daga nesa.

Inna ta ji komai a bakin matan unguwa. Ta ce, "Ni ban san wani Bature ba, ɗana na sani." Ta ci gaba da kiransa yadda ta saba.

Baffanmu malami ne, yana karantar da manya littattafan fiƙihu a zaurensa. Da aka kawo masa zancen ya faɗi hukuncin a taƙaice, sannan ya daɗe yana jan kunne a kan ƙazafi, da girman zunubin jifan Musulmi da abin da ba ka gani ba. Ina wurin. Mutanen nan suka tashi suka karkaɗe riguna, suka fita da rabin farko na karatun, suka bar masa rabin ƙarshe a kan tabarma.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne ranar Asabar da rana, da aka nuna wasan ƙungiyar Baturen. Ni ba mai kallo ba ne, amma na shiga don in ga ko za su ƙaurace. Ina! Ko wurin tsayawa babu. Da mutumin ya ɗauko bal daga gefe ya zuba ta a raga, rabin ɗakin ya miƙe da ihu, har mai facin taya a kan benci yana tsalle. Sai suka tuna. Suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gyaran murya, wani ya ce ai golan ne ba shi da kirki. Wato shi mai maganar ana iya yi masa ihu a manta, saboda yana ci musu wasa. Yaron da bai ce komai ba shi ne ba za a iya riƙe wa hannu ba.

A lokacin wasan kofi tsakanin garinmu da Nasarawan Doya ya gabato, kuma ƙanena ya shekara yana jiransa. Na ji ƙishin-ƙishin ana so a ajiye shi, sai na tafi gidan kocinsu, wani tsohon ɗan wasa da gwiwa ta zaunar. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aikin rake, ya ƙoƙari da yara, duk ina haɗiye abin da ke cina. Da na kawo maganar sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba wai ba ma sonsa ba ne. Ka san bakin mutanen Doya. Gara ya ɗan huta har ƙurar ta lafa."

Na ce, "Wa ya sa masa sunan nan?"

Ya shiga murza gwiwarsa.

"Ina tambaya ne, koci. Ba kai ne ka fara kiransa da shi ba, ranar da ya ci 'yan Saulawa? Ko Inna ce ta je Turai ta ɗauko?"

"Ai ba mu san haka mutumin yake ba, Malam."

"To shi yaron ya sani ne?"

Da ƙyar muka daidaita a kan zai buga, amma ba wanda zai kira shi da sunan a fili. Na ce to da wane suna za su kira shi? Ashe yaron ya girma a hannun mutumin nan, ya yi masa gudu a rana da ruwan sama, amma bai san sunansa ba. Ni na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu kamar mai haddace lambar waya, ya ce zai gaya wa yara.

Da na koma gida na sami ƙanena a zaure yana wanke takalman ƙwallonsa. Na ce masa in ba ya so ya buga, ba dole.

Ya ce, "Yaya, in na zauna za su ce gaskiya ne. Kuma ni ban da ƙwallon nan me nake da shi? Acaɓa kowa yana yi."

Ranar wasa bayan la'asar fili ya cika, har kan tarin rake mutane suka hau. Tun kafin a busa usur magoya bayan Doya suka fara rera sunan, suna karairaya, suna riƙe ƙugu. Wannan na sa rai da shi, ban damu sosai ba. Namu ne suka kashe ni. Ƙwallo wasa ne na kira, dole abokinka ya ce maka ga ni, ko ya ce maka ana bayanka. Sunan yankan da koci ya koya musu ya gudu daga kansu tun a bugun farko. Sai ka ji yaro ya fara kiran sunan da ya saba, rabinsa ya fito, ya haɗiye sauran. Wasu suka koma "kai, kai", kowa a fili yana waiwayowa. Daga baya suka ga ya fi sauƙi su daina ba shi bal ɗin gaba ɗaya. Yana tsaye a gefen hagu shi kaɗai, ba mai tsaronsa, yana ɗaga hannu, su kuma suna ta cusa kai ta tsakiya ana ƙwacewa. Sau ɗaya da ta zo masa, wani ƙato ya taho ta baya ya share shi, duk suna gani ba wanda ya gargaɗe shi. Na yi ta zage-zage a bakin layi har wani dattijo ya taɓa ni ya ce, "Malam, ɗalibanka suna nan fa."

Bayan hutun rabin lokaci bal ta kuɓuce wa mai tsaron bayan Doya ta gangaro gefensa. Ya ɗauka, ya yanke ɗaya, ya yanke na biyu, ya narka ta da hagun nan ta shige can ƙuryar raga. Ya juyo da gudu ya buɗe hannuwa. A filinmu in ka ci ƙwallo danne ka ake yi, a hau ka har sai ka ci ƙasa. Yaran sun taho a guje kuwa, da gaske suka taho, sai 'yan Doya suka ƙara ɗaga muryar sunan. Na ga gudun yana raguwa. Wani ya tsaya ɗaure igiyar takalmi. Kyaftin ya iso kusa, ya ɗaga masa babban yatsa, ya juya ya koma tsakiya.

Yana nan tsaye hannuwa a buɗe. A nan maganar Baturen ta dawo mini, abin da ya ce ya yi shekaru yana tsoro, ga shi ina gani da idona a kan wanda bai ce komai ba. Na dubi taron nan na ce a raina, in akwai wani a cikinsu da yake ɗauke da irin wancan sirrin, yau ya ga abin da ke jiransa. Ƙanena ya sauke hannuwansa, ya taka a hankali ya fita daga fili. Koci yana kiransa "kai, kai", bai waiwaya ba. Na bi shi a baya har gida.

Mun shiga ana shirin magariba. Baba yana alwala a tsakar gida, Inna ta gama kwashe tuwo. Ta ga ya wuce ɗaki, ta kira shi da sunan nan nata na kullum. Ta sake kira.

Daga ciki ya ce, "Inna, don girman Allah kada ki ƙara kirana da wannan sunan."

Ta tsaya da kwano a hannu. Ta gwada tsohon laƙabinsa na yarinta, sai wani yaro a maƙwabta ya amsa ta kan katanga, "Na'am." Na ji kamar in rushe katangar. Inna ta dubi labulen ɗakin, ta dubi Baba, ta dubi ƙasa. Sannan a hankali ta kira sunan surukinta. Baba ya tsaya cak da buta a hannu. Ita kuma ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

Labule ya motsa. Ya fito ya durƙusa a gabanta, ya karɓi kwanon da hannu biyu.

Gazara ce ta ci wasan, da ƙwallon nan ɗaya. Bai sake taka filin ba, takalman suna rataye a ƙusa a zaure har fatar ta tsage. Baturen ana nuna shi ranar Asabar, ana kuma cika ɗaki. Inna har yau da sunan kaka take kiran autanta, kuma duk lokacin da za ta faɗa sai ta rage murya.