Fentin Direbobi

A bayan wani gareji a unguwar Gamkalley ta Yamai akwai tsohon injin daɓe hanya na zamanin Nasara, irin mai cin itace da ruwa yana tafiya da tururi. Tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, nake ganinsa, ƙafafunsa sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a murhunsa. Da na zama malamin tarihi sai abin ya riƙa ci mini rai. Na tara direbobin manyan motoci da masu walda na unguwarmu, muka ce kowace Lahadi za mu sa masa hannu, don Allah kawai.

Kawuna ne ya ƙi. Shi ya riƙe ni tun da na zo Yamai daga Tawa, bai kuma taɓa ɗauke mini kai ba sai a kan wannan. Mahaifinsa na cikin waɗanda aka kama aikin tilas, ya yi ta dakon itace wa irin wannan injin har wuyansa ya karkace.

"Kai da karatunka," ya ce, "ka rasa abin wankewa sai wanga baƙin abu da ya canye ubana?"

Daga ranar gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, amma ni ma taurin kan gidanmu na gado.

Muka yi ta kankare tsatsa, muna liƙe tukunyar ruwan, muna faɗa a kan kowace kusa. Na dage cewa baƙin fenti za a shafa masa, yadda yake a tsofaffin hotuna. Direbobi suka ce, "To, mushe," yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci. Aiki ya kai ni Maradi na ɗan lokaci. Da na dawo sai na tarar an zana wa injin zaki a gefe ɗaya, dawisu a ɗaya gefen, furanni ja da kore har kan bututun hayaƙi, ga geza na reto, an rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a goshi. Na yi ta masifa har muryata ta dushe.

Babban cikinsu ya bari na gama, sannan ya ce, "Mushe, mota ce fa. Haka za ta fita ba riga?"

Ranar da za mu hura wuta unguwa ta cika. Shi wannan direban ne ya je ya ɗauko kawu, ban san me ya faɗa masa ba. Sai na hango farar hular kawu. Ya zagaya injin a hankali yana dogara sanda, ya tsaya gaban zakin ya daɗe. Tururi ya fara huci, yara suka watse da ihu.

"Wanga ba shi ba na," in ji kawu. "Nasu baƙi na. Wanga namu na."

Ya ɗaga kai ya dubi kujerar matuƙi, can sama ƙarƙashin rumfa. Ya ce mahaifinsa ko inuwarta ba a bari ya zauna ba. Na sha yin alfahari a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na wannan safiyar ba, lokacin da ya miƙo mini sandarsa a gaban jama'a.

"Ɗana, kama mini in hau."