Kwaɗon Kaka a Guangzhou

In ka ga dama ka ce ƙarya nake, ba kai ne na farko ba: kwaɗo ne ya hana a mayar da ni Kano ina ɗan shekara tara.

Lokacin muna Guangzhou, a wani bene bayan titin Guangyuan, Baba na loda wa 'yan kasuwar Kano kaya. Umma ta haihu, sai mahaifiyarta, Kaka, ta taso don wankan jego, da buhun ganyen darbejiya da ya fi ta girma. Ni da ƙanwata Hafsa kuwa makarantar 'yan China muke. Da Sinanci muke faɗa, da shi muke shiryawa, har mafarki da shi muke yi.

Ba murhu, ba tsakar gida. Bayan magariba Kaka ta ɗora ƙatuwar tukunyar ruwan wanka a kan gas, mu zauna gefe muna shan tururi. Ran farko ta buɗe tatsuniya da "Ga ta nan, ga ta nanku," ta jira mu amsa. Hafsa ta waiga hagu da dama ta ce, "Meyo," wato babu.

Kaka ta yatsine fuska kamar ta taka kashin kaza. "Ke Binta, jikoki kika haifa min ko rediyon ƙasar waje? Ki gaya wa mijinki, ranar arba'in in babban nan bai ba ni tatsuniya da Hausa har ƙarshe ba, da shi zan hau jirgi."

Wa ya isa ya yi musu da suruka? Baba ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Tatsuniya ɗaya ta yi ta nanata mana. Wai wani kwaɗo ne ya bar tafkinsu da rani ya tafi garin agwagi, ya koyi kukansu har ya manta nasa. Da damina ta faɗi danginsa suka yi ta kiransa. Ya amsa da muryar agwagwa, suka zaci mai cinye su ce ta zo, duk suka nutse suka bar shi a bakin ruwa shi kaɗai.

Hafsa ta yi tambaya da Sinanci, ni kuma sarkin gaskiya na fassara. "Kaka, wai kwaɗon irin na cikin baho ne a kasuwa? Wanda ake feɗewa a zuba a miya?"

Kaka ta zabura ta ɗauki buta. Sau bakwai ta kurkure baki, kwana uku ba ta kalli miya ba.

Ranar arba'in na tsaya gaban tukunya na fara tatsuniyar. Na kai kwaɗo garin agwagi lafiya, sai sauran labarin ya gudu daga kaina. To, sai na saka shi a kwantena na sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Nansha, nan Guangzhou. Na ce an kama shi an jefa a baho, amma da yake ya koyi Sinanci, ya ji mai kifi na cewa a miƙo wuƙa, ya yi tsalle ya tsere. 'Yan uwansa da ba su koya ba kuwa aka saɓule musu fata kamar safa, cinyoyinsu na motsi a kan faranti. Umma ta toshe baki ta ruga banɗaki.

Yau tafinta nake yi wa mutanenmu a kasuwar Shahe, da harshen agwagin nake cin tuwo, kuma na daɗe ina fariyar na kayar da tsohuwa. Sai da ta rasu na gane ba kwaɗon ne abin tausayi ba. Ita ce a tafki tana ta kira, tana tsoron a amsa mata da muryar da ba ta sani ba.

Amma a ranar ba tausayi a fuskarta. Ta tofar da yawu a gwangwani, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Zauna abinka, ɗan nema. Wanda ya iya shara ƙarya da Hausa haka, harshensa ƙalau yake. Tarbiyyarsa ce aka feɗe aka zuba a miya."