Jan Katin Isuhu

Har gobe ban manta ranar da sabon shugaban sashenmu ya sauka daga Kano da wata takardar tambayoyi ba. Lokacin ni ne ma'aikacin jinya mai kula da masu neman rabuwa da shaye-shaye a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ɗambatta.

Wai takardar tana hango wanda zai tsere kafin ya gama magani. A tambayi mutum shekarunsa, iliminsa, ko yana da iyali, sai a haɗa maki. Wanda makinsa ya hau a ba shi jan kati, a ware masa rana don ƙarin kulawa. Wace rana oga ya zaɓa? Ranar kasuwa, wai an fi samun mota.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofarmu fa tasha take kallo. Ranar kasuwa duk ƙauyukan nan a nan suke sauka."

Ya ce, "Malam Habu, wannan bincike ne, ba hirar majalisa ba."

Isuhu na cikin masu jan kati. Direban motar shanu ne, a Kudu ya koyo shan hodar iblis. Wata uku yana zuwa duk Talata bai taɓa fashi ba. A ƙauyensu cewa yake hawan jini ke kawo shi, don in maigidansa ya ji gaskiya, aiki ya tafi.

Ranar kasuwar farko yana kan benci da katinsa a hannu, sai ga maigidan ya kawo tasa matar awon ciki. Ya tambayi maigadi, "Waɗannan layin me suke?" Aka gaya masa. Kafin la'asar ya karɓe makullin motarsa.

Isuhu bai sake zuwa ba. Na bi shi har gida. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, da ƙafata na kawo muku kaina, kuka baje ni a kasuwa."

A taron ƙarshen wata oga ya ɗaga fayil ɗinsa yana washe baki: "Kun gani? Takarda ba ta ƙarya." Har da masu tafi! Ko boka bai yi wannan rashin kunyar ba, ya hankaɗa mutum rijiya sannan ya ce dama ya hango.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: mutanenmu suna iya jure azabar barin hoda, tonon asiri ne ba sa jurewa. Kafin ku tambayi wa zai gudu, ku duba ko ku ne kuke korarsa.