Turaren Zaliha a Tukra

Zaliha jikar maniyyata ce. Kakanninta sun taso daga Katsina da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Injamena, suka ce sai baɗi. Har yau baɗin ba ta zo ba. Abin da ta gada shi ne haɗa turaren wuta, kuma ko maƙiyinta ya san ta iya.

Shekarar da ambaliya ta cinye unguwarsu, gwamnati ta kwashe su zuwa Tukra, wani sansani a bayan gari, ta ba kowane gida ɗakin katako guda. Ɗakunan suna ɗan wari-wari. Zaliha ta ce ai wannan aikinta ne, ta bi ɗaki-ɗaki tana raba turare kyauta. Kafin mako ya zagayo, sansanin ya koma kamar gidan biki.

Sai dai ita mace ce mai lura. Ba ta taɓa ganin tsaka a bangon nan ba. Gizo-gizo bai yi saƙa ba. Ƙuda in ya shigo, a ƙasa ake share shi. Gara ma, da ba ta jin kunyar kowa, ta ƙi katakon. Mata suka ce tsabta ce.

Sai tari ya shigo. Ya ɗauke tsofaffi biyu da jariri, sannan ya kama Rahmatu, 'yar Zaliha tilo, da cikinta wata takwas.

Da maganar ta kai kotu, lauyan ɗan kwangilar da ya kafa ɗakunan ya zo sansanin, ya shaƙi iska, ya yi murmushi.

"Hajiya, ke ce mai hayaƙin nan? Kalas, magana ta ƙare, ga ciwon."

Aka rubuta cewa mata ne ke turnuƙe kansu. Laifi tudu ne dai. Maƙwabtan da suka sha turarenta suka daina amsa sallamarta. Tsoro ya kama ta: idan fa ita ce ke kashe 'yarta? Ta roƙi kowa ya kashe kaskonsa na kwana bakwai, a gani.

Rana ta uku da hantsi, ƙamshin ya gama fita, warin ya taso, mai ɗaci, mai sa hawaye. Malam Yunusu, wani tsoho da ya yi noman auduga a kudu, ya kankare fentin bango da wuƙa, ya sansana. Akwatunan maganin ƙwari ne aka ɓaɓɓalle aka yi bango da su. Kowa ya ja tabarmarsa waje.

Mata suka zo ba ta haƙuri, wai Allah ya wanke ta. Ko kaɗan ba ta ji sanyi ba. Ta dubi Rahmatu kwance a gindin darbejiya, numfashi na fita da ƙyar.

"Inna, ba ke ba ce," in ji Rahmatu.

"Da ban rufe warin ba, 'yar nan, da tun ranar farko mun gudu."

Shekara tara Zaliha ta yi bayan haka tana rainon jikar da Rahmatu ta haifa ta rasu ta bari, kuma ba a sake jin ƙamshi a ɗakinta ba.