Furen da Kaka Ta Tsinko a Tsakiyar Lagun

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji uku a lekol, injin jirginmu ya yi tari ya mutu a tsakiyar lagun, wato babban ruwan nan da ya ratsa birninmu. Pinas ne, irin dogon jirgin katakon nan mai rufi da ke ƙetarar da mutane daga Treichville zuwa Abobo-Doumé. Ina zaune a gefen Kaka, kwanon fura a cinyata, na ji duk jirgin ya yi tsit.

A nan Treichville aka haife ni, a wani gidan haya mai tsakar gida ta siminti, famfo ɗaya, ƙofofi da yawa. Babu itace ko ɗaya a ciki. Da safe mu yara mu tari ruwa a bokiti, mu wanke kwanuka, da yamma mu zana layin 'yar gala-gala da gawayi har a kira magariba daga babban masallaci. Lagun na nan kusa, har warinsa kan shigo mana in iska ta juyo, amma an hana mu zuwa bakinsa. Baba yakan ce, "Mu mutanen tudu ne, ruwa bai san mu ba." Tun da aka fito da gawar Sule, ɗan maƙwabtanmu da ya bi abokai wanka, ko a kan gada muke cikin mota sai na runtse ido.

Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, baƙuwa ce daga wani ƙauye kusa da Tawa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara. Gwaggona ta haihu a ƙetaren lagun, Inna ba ta iya barin rumfar atamfarta a kasuwa, sai aka ce in raka Kaka barka, tunda ba ta jin Faransanci. Na yi kuka na ce mu bi ta mota, aka ce jirgi ya fi sauri.

Abin da ya kashe injin ciyawa ce. A wannan lokacin na shekara kogi kan koro wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, ta shimfiɗu a kan lagun kamar gona. Ita ce ta nannaɗe farfelar injin. Wani ma'aikacin jirgin ya kwanta da ciki a baya yana sara da adda, hadari kuma ya taso baƙi ƙirin ta wajen teku. Ruwa ya fara janmu a hankali, mu da ciyawar, zuwa tashar manyan jirage. Na ga wani jirgin kaya tsayinsa ya fi benayen unguwarmu, yana ƙara girma a idona. Iska ta kaɗa, igiyar ruwa ta watso ciki har ta jiƙa mana ƙafafu. Wata mai kifi ta fasa ihu da Julanci, wata ta kama kiran Yesu, wani dattijo yana salati da ƙarfi. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, fuskar Sule kawai nake gani.

Na cusa kaina a jikin Kaka, sai na ji ita ma rawa take yi. Wannan ya fi komai tsorata ni. Matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin ƙauyensu ba, me za ta yi mini? Can na ji ta sunkuya ta miƙa hannu waje. Na riƙe zanenta na yi ƙara, na ɗauka faɗawa za ta yi. Sai ga ta da fure a hannu, ruwa na ɗiga daga gindinsa.

"Takwara, buɗe ido ki gani," ta ce.

Na ƙi. Ta shafa mini shi a kumatu, da sanyinsa, har na buɗe. Shuɗi ne mai haske da ɗan ja-ja, a saman kowane fure kuma akwai ɗigon rawaya guda, kamar an ɗiga da tsinken kwalli.

"Wa ya sa wannan ɗigon? A tsakiyar ruwan nan, inda ba mai zuwa kallo? Wanda ya yi wa ciyawa kwalliya haka ya san muna nan."

Muryarta na rawa, amma ta faɗa. Na ɗaga kai, sai na ga ashe duk shimfiɗar nan furanni ce har iyakar gani, suna lilo a ƙarƙashin baƙin hadari. A tsakiyarsu ga wata balbela tsaye, fara fat, ciyawa na tafiya da ita. Kaka ta bushe da dariya. "Ji 'yar garinmu! Can shanu take bi, nan ta samu jirgin kyauta." Na yi dariya da hawaye a fuskata. Tsoron bai tafi ba, amma wani daɗi ya shigo ya zauna kusa da shi, na samu bakin cewa subhanallahi.

Ruwan sama ya riga ya sauko lokacin da wani pinas ya ji ihunmu ya zo ya jefo igiya. Da muka taka ƙasa, Kaka ta zauna daɓas a cikin taɓo tana hamdala. Furar ta zube tuntuni. Da za mu koma ta rantse ba ta sake shiga ruwa, muka zagaya ta Adjamé a cikin cunkoson motoci, ta yi barci a kafaɗata.

Kaka ta koma ƙauye bayan sallah, ban sake ganinta ba. Yanzu gadoji sun ƙaru, nakan ƙetare lagun a mota, gilashi a rufe, 'ya'yana a baya kowa da wayarsa. In ciyawar ta zo, mutane tsaki suke yi, suna cewa ƙazanta ce, kuma da gaskiyarsu. Ni dai nakan rage gudu in ce musu su leƙa, su ɗago su ce "oui, Maman," wato "to, Mama," su mayar da kai. Har yau ban samu muryar da zan faɗa musu da ita yadda Kaka ta faɗa mini ba.