Ɓarawon Gas na Nukkai

Akwai wata Asabar ta damina da ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ita dai ba za ta fita daga kaina ba. A lokacin muna zaune a Nukkai, 'yan shekaru bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha. Maigidana yana aiki a sakatariya, ni kuma ina koyarwa a firamare.

Maigidan nawa ya sayi wata tsohuwar mota doguwa 'yar Kwatano, mai shan man dizal, wanda kowa a garin yake kira gas. Son da yake yi wa motar nan har haushi yake ba ni. Shi da kansa yake wanke ta, kuma lallaɓa ta yake yi a hanya. Daga gida sai ofis, daga ofis sai gida, ba ya taɓa danna totur sosai, wai kada ta gaji. Masu keke kan wuce mu suna ɗaga mana hannu.

Da aka shiga wahalar mai, sai motar ta sauya hali. Gas ɗin da a da yake kai shi ƙarshen mako ya koma ƙarewa tun tsakiyarsa. Ƙarfinta ya ragu, ƙararta ta zama kamar ta mai mura. Na ce ya kai ta gareji, ya ce makanikai su ne masu kashe mota, kuma shi ya riga ya gane matsalar: satar gas ake yi masa. Har ɓarawon ma ya sani. Maƙwabcinmu ne, wani dattijo mai injin niƙa, wanda muke zuwa coci ɗaya da shi, matarsa ce ma Uwar Zumuntar Mata. Hujjar maigidana ita ce, injin nan da gas yake aiki, kuma duk wahalar man da ake yi bai taɓa tsayawa ba.

Sai aka shiga farautar ɓarawo. Ya sa aka yi wa murfin tanki kwaɗo. Ya barbaɗa toka kewaye da motar don ya ga sawu, da safe ya sami sawun agwagi da nawa, domin ta nan nake bi in yi shanya. Ranar sai da na sha tambayoyi. Ya fere kara yana auna tankin da yamma, ya sake aunawa da safe, kullum daidai yake samu. Na ce to ai ka ga ba a taɓa ba. Ya ce wannan ne ma ya nuna masa ɓarawon ƙwararre ne. Daga nan ya daina gaishe da Baba mai inji, ya kuma hana ni kai niƙa wurinsa. Ina kallon inji a bayan katangata, amma sai in ɗauki dawa in tafi har wajen kasuwa. Abin ya dame ni ƙwarai, don matar nan ita ta zauna da ni lokacin haihuwata ta fari, yanzu ga shi ina kauce wa idonta a coci.

Ana haka sai aka sa taron zumuntar mata a wani ƙauye kan hanyar Zing. Uwar Zumunta, da ba ta san komai ba, ta shigo har gida ta roƙi maigidana ya kai mu. Kunya ta hana shi ƙi. Da safe muka cika motar maƙil, kowa da farar riga da ɗankwali a goge, ga tulunan kiɗa a kan cinyoyinmu.

Muna barin gari motar ta fara nishi. A hawan farko ta daure. A na biyu, mai tsayi, sai ta tsaya a tsakiya, injin yana aiki amma ba ta gaba, har tana neman komawa baya. Maigidana ya roƙe mu mu sauka mu ɗan taimaka. Muka ajiye tuluna, muka ɗaure zannuwa, muka jeru a bayanta. Uwar Zumunta ta tsaya daidai saitin salansa, inda hayaƙin motar yake fita, ta ɗaga waƙa don mu sami ƙarfi, muna amsawa muna turawa. Shi kuwa, ganin mata suna tura motarsa a bainar jama'a, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya danna totur har ƙasa.

Na ji wata ƙara kamar an harba bindigar toka, sai duniya ta yi duhu. Da hayaƙin ya washe, motar tana can saman tudu, ta haye da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba. Na juya na dubi 'yan'uwana, ban gane kowa ba. Baƙin garin hayaƙi ya rufe mu daga ɗankwali har zani, sai idanu kawai. Uwar Zumunta tana tsaye da baki buɗe, waƙar ta maƙale mata.

Maigidana ya gangaro da gudu yana ba da haƙuri. Uwar Zumunta ta tofar da abin da ke bakinta, ta dube shi ta ce, "Malam, taron murna muka fito, ka mai da mu masu zaman makoki."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, shi ke nan muka zube a bakin hanya muna dariya har da hawaye, hawayen suna zana mana layi a fuska. Muka wanke abin da ya wanku a wani rafi, muka ƙarasa. Motar tana gudu lafiya lau, sai dai ƙararta ta riga mu isa ƙauyen, muka tarar an fito ana jiran ganin tarakta.

Ranar Litinin dole maigidana ya kai motar wurin wani makanike a Kachalla Sembe, na bi shi don kada ya fasa. Makaniken ya kwance salansar da ta fashe, ya ɗaga ta da ƙyar, ya bubbuga ta a ƙasa, sai ga baƙin abu yana zubowa kamar an juye buhun gawayi. Ya buɗe matatar iskar injin, ita ma ta toshe da ƙura. Ya ce mota kamar mutum take, idan ba ta shaƙi iska ba kuma ba ta fitar da hayaƙi ba, sai ta yi ta shan mai ba ƙarfi. Ya ce injin gas yana son ya yi zafi ya yi doguwar tafiya, lallaɓawa ce take tara masa wannan dauɗa, ga kuma gas ɗin bakin titi da ake garwayawa.

Maigidana ya ce a hankali, "To ɓarawon fa?"

"Wane ɓarawo, Oga?"

Maigidana ya laluba aljihu ya biya kuɗin gyara. Ni kuwa na kama bakina, ko da yake ban taɓa shan wahalar yin shiru irin ta ranar ba.

Da yamma ya ce in raka shi gidan Baba mai inji. Ya zauna a kan benci ya faɗi komai, har da tokar. Dattijon ya saurara, sannan ya ce shi ya ɗauka ƙarar injinsa ce take hana Malam barcin safe, shi ya sa ya daina gaishe shi. Ya ce tun lokacin ya koma ba ya tayar da inji sai ya ga motarmu ta fita, masu niƙan sassafe da yawa har sun sauya wuri. Gas kuwa, ya ce, duro guda ya saya da ya sayar da doyarsa, tun kafin wahalar ta zo. Na ga maigidana ya sunkuyar da kai. Matar tana daga bakin murhu tana jin mu, ta ce ita ta yafe zargin, amma farar rigarta tana nan tana jiran sabuwa.

Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, har da maigidana, kuma har ƙarshen rayuwarsu aminai ne. Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, idan abu ya lalace a gidanka, fara duba naka tukuna kafin ka ɗora wa na waje. Zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya girma, kuma sau da yawa wanda kake fushi da shi yana can yana takura wa kansa don ya faranta maka.