Malama Ba-Komai da Tiren Ruwa

Ofishinmu ɗaya da ita: tebur biyu, fanka mai kuka, da tagar da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Don haka idan na ce matar nan ta gajiyar da ni, ba labari aka ba ni ba.

Sunanta na gaskiya yana manne a ƙofa, amma duk sashen nazarin sinadarai Ba-Komai ake ce mata. Ni Yaya nake kiranta. Malami zai leƙo ya ce tafiya ta kama shi, ta riƙe masa aji, ta ce ba komai. Shugaban sashe zai ɗora mata kwamiti a kan kwamiti, ta ce ba komai. Ɗaliba ta shigo da kuka an watsa mata aiki, sai Yaya ta ture nata gefe ta ɗauki jan biro. A gida kuma ita ke kai surukarta asibiti awon suga, ita ke duba aikin makarantar yara, har da na 'ya'yan maƙwabta. Kwamfutar da babi na huɗu na kundin digirinta yake ciki, autanta ne ke wasan tseren mota a kanta.

Duk macen da ta zama dakta a sashenmu ta hannunta ta bi, har da ni. Lokacin da na yi ɓari ina tsakiyar rubutu, na ce na haƙura da karatun, ita ta zo ta zauna a bakin gadona tana karanta mini abin da na rubuta. “Ke kika rubuta wannan fa,” in ji ta. “Tashi ki ƙarasa.” Ranar da kowaccenmu za ta kare kundinta, Yaya ce ke shigowa da tire, ta jera wa masu jarrabawa ruwa da kofuna, ta koma baya ta tsaya tana gyaɗa mana kai.

To nata digirin fa? Ta fara shi tun ina ɗalibarta. Kwalaben ruwan rijiyoyin da ta gwada suna nan jere a ƙarƙashin teburinta, wasu har sun yi gansakuka. Gwaji ya ƙare, sakamako yana hannu, rubutu kawai ya rage. Kullum aka tambaye ta, saura kaɗan.

Wata safiya farfesan da ke duba aikinta ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba, ya ce mata bana ce ta ƙarshe. Idan zango ya rufe ba ta miƙa kundin ba, za a soke sunanta, wahalar shekaru ta tashi a banza. Wallahi ina zaune matar nan ta ce, “Ba komai, Farfesa.” Saura ƙiris in jefe ta da abin goge allo.

Na je na sami Uwar Biyu, abokiyar aikinmu da ba ta tauna magana, muka tara sauran matan sashen muka raba kayan Yaya. Wannan ta ɗauki aji, waccan kwamiti, ni na kwashe ɗalibanta. Muka je wurin mijinta, bawan Allah ya riƙe baki, wai kullum ce masa take komai na tafiya daidai. Ya karɓi zuwa asibitin, ya ƙwace kwamfutar daga hannun auta. Sannan muka share mata sito a ƙarshen baranda, inda ake jibge karyayyun kujeru, muka sa tebur muka zaunar da ita. Duk wanda ya zo nema, Yaya ba ta nan.

Ko mako ba a rufa ba na leƙa sito, wayam. Na same ta a ɗakin taro tana jera kujeru, wai ta ga shugaban sashe yana ta neman mai taimako. Na ja hannunta har sito, na tura ƙofa.

“Yaya, me muka yi miki? Na bar nawa aikin ina fama da naki, ke kina can kina dakon kujeru?”

Ta kama murza gefen mayafi. Can ta ce ranar da ta fara gabatar da binciken nan, wani babban malami ya yi dariya a gaban kowa, ya tambaye ta wa ya rubuta mata. Mutumin ya daɗe da yin ritaya. Amma duk lokacin da ta buɗe babi na huɗu, dariyar take ji.

“Aikin wani yana da sauƙi,” in ji ta. “Nawa ne idan na gama aka ce bai yi ba fa?”

Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, kuma gaskiya haushin ya fi yawa. Matar da ta ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya, dariyar wani tsoho ta danne ta shekara da shekaru, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na jawo karyayyar kujera na zauna a karkace, na buɗe babin na fara karanta mata da ƙarfi. Aiki ne mai kyau, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

“Ke kika rubuta wannan fa,” na ce.

Daga ranar muka riƙa gadinta bi da bi. Uwar Biyu har da bin ta bakin banɗaki. Yaya ta miƙa kundin ana gab da rufewa.

Ranar karewa masu jarrabawa sun zauna, mai kundi babu ita. Ban ma tsaya tunani ba, na nufi ɗakin shayi. Ga ta nan cikin sabon leshi ta ɗauraye kofuna, ta ɗauko tire.

“Ba wanda ya tuna da ruwan,” in ji ta.

“Sake shi, Yaya. Yau ke za a kawo wa.”

Da ƙyar na ɓamɓare tiren. Ta rasa inda za ta sa hannuwanta, sai na ɗora mata kundinta a kansu. Na jera ruwan, na koma baya na tsaya inda ta saba tsayawa. Na gyaɗa kai har wuyana ya ƙage.

Ta ci, da gyara ɗan kaɗan. Muna fitowa shugaban sashe ya tare ta da fara'a, ya yi mata murna, ya ce tunda yanzu ta sami sarari, akwai wani kwamiti da yake so ta shugabanta. Na ga bakinta ya buɗe. Uwar Biyu har ta ɗaga ƙafa za ta take ta.

“Ranka ya daɗe, a ba wani,” in ji Yaya. “Zan fitar da binciken nan a mujalla.”

Da ya wuce ta kama hannuna, tafinta duk gumi, ta rage murya.

“Ban yi rashin kunya ba ko?”

“Ba komai, Dakta,” na ce.